Babi na Shida: Inda Hannun Kamfanin Inshora Ke Tsayawa

Da sassafen ranar 28 ga Fabrairu, 2001, wani mutum yana tuƙa Land Rover a kan babbar hanyar M62 da ke arewacin Ingila, yana janye da wata motar a kan ƙaramar tirela. Daren da ya gabata bai samu barcin kirki ba. Daf da ƙauyen Great Heck motar ta saki hanya, ta gangara, ta je ta tsaya ɗare-ɗare a kan layin dogo. Mutumin ya fito da ƙafarsa, yana cikin yi wa jami'an agaji waya sai ga jirgin fasinja da ya taso daga Newcastle zai tafi Landan. Jirgin ya kwashi motar, ya goce daga layinsa, ya yi taho-mu-gama da wani jirgin dakon kwal. Mutum 10 suka rasu, har da direbobin jiragen biyu, wasu 82 suka jikkata.

Kotu ta gamsu cewa barci ne ya sace shi a kan sitiyari, ta ɗaure shi shekara 5. Wannan hukuncin laifi ke nan. Akwai kuma lissafin diyya: iyalan mamata, waɗanda suka ji rauni, taragai da kawunan jirgi da suka zama tarkace, layin dogon da ya tuge. Duk wannan ya hau kan kamfanin Fortis, wanda ya yi wa motar inshora. Zuwa 2003 kamfanin ya riga ya biya sama da fam miliyan 22, ya kai gwamnati ƙara yana cewa shingen gefen hanyar ya yi gajarta, kotu ta ce ba ta yarda ba. Direban bai sayar da gida ko gona don ya biya jirgi ba, saboda takardar inshorarsa ba ta yanka iyaka ga ɓarnar dukiya ba. Bayan wannan hatsarin ne kamfanonin Birtaniya suka daina irin wannan sakin fuska, yawancinsu suka tsayar da abin a fam miliyan 20 ga motocin gida.

Mai motar gida a Kano ko Kaduna da ke riƙe da inshorar naira 15,000, tasa iyakar naira miliyan 3 ce.

Kafin a shiga lissafi, gara a san su waye ke cikin cinikin. Mai mota ɓangare ne, kamfanin inshora ɓangare ne, sai kuma duk wani bawan Allah da ba ya cikin yarjejeniyar amma tsautsayi ya haɗa shi da motar: shi ne ɓangare na uku. Don shi doka ta tilasta wannan inshora. Kamfanin ya yi alkawarin cewa in motar ta yi wa wani ɓarna, kuma laifin direbanta ne, zai biya a madadin mai ita. Matsayinsa kamar na babban ɗan kasuwa ne da ya tsaya wa baƙon fatake a Kantin Kwari, ya ce a ba shi kaya, ya lamunce masa har zuwa kaza. In baƙon ya ci bashin da ya haura kazan, mai lamuni zai sauke nasa ya koma rumfarsa, ragowar kuma tana nan a wuyan baƙo. Nan ne masu mota da yawa ke yin tuntuɓe. Sun ɗauka adadin da ke jikin takarda shi ne iyakar abin da za a iya nema a wurinsu, alhali iyakar abin da kamfani zai fitar ne kawai. Wanda aka yi wa ɓarnar miliyan 10 yana bin miliyan 10, ko da inshora ko babu.

Dokar farko da ta tilasta inshorar mota a Najeriya tun zamanin Turawa aka yi ta, a 1945, kuma hankalinta na kan rai da rauni. Dokar Inshora ta 2003 ce, a sashe na 68, ta ce dole inshorar ta haɗa da dukiyar ɓangare na uku, kuma kada abin ya gaza naira miliyan 1. Ta kuma tanadi tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun, ga wanda ya tuƙa mota babu ita. Haka aka zauna kusan shekara 20, ana biyan naira 5,000 a shekara, iyaka tana miliyan 1, har zuwa Disamban 2022 da hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da sabon farashi da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. Motar gida ta koma naira 15,000, iyakarta miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita ta koma 20,000, iyaka miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya 100,000, su ma miliyan 5. Adaidaita-sahu 5,000, iyaka miliyan 2. Babur 3,000, iyaka miliyan 1. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar da ta tattara tsofaffin dokokin inshora wuri ɗaya, amma alƙaluman da ake lissafi da su a wannan babin su ne na sanarwar 2022.

Lokacin da sanarwar ta fito, ƙorafin jama'a duk a kan 15,000 ya tsaya. An ninka kuɗi sau uku ana cikin tsadar rayuwa, ƙorafin yana da hujja. Sai dai ba a cika jin mai tambayar ko miliyan 3 ɗin za ta isa ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi nauyi.

Mota a Najeriya da dala ake auna ta, ko sabuwa ko 'yar Kwatano, haka ma fitila da bamba da gilashin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa. A 2003 dala tana wajen naira 130, wato miliyan 1 ta lokacin ta haura dala 7,000, kuɗin da zai sayi mota ta hannu mai lafiya. A farkon 2023, 'yan canji a Wapa suna sayar da dala a wajen naira 750, don haka sabuwar iyakar ta miliyan 3 ta kama kusan dala 4,000. Ashe tun ranar da aka yi ƙarin ma bai kamo darajar 2003 ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen 2024 dala ta haura 1,500. Miliyan 3 ɗin nan ta dawo ƙasa da dala 2,000. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a jikin takardar ba, amma rabin ƙarfinta ya zube cikin shekara biyu.

A ɗauka wani malamin makaranta ne da tsohuwar Golf ɗinsa, burki ya ƙi a bakin danja, ya daki bayan wata jif ta zamani. Jif ɗin ta tunkuɗi adaidaita-sahu da ke gabanta, ita kuma Golf ɗin ta kauce ta faɗa shagon wani mai sayar da wayoyi. Ba wanda ya ji ciwo, kowa ya yi hamdala. Da aka zo ƙiyasi, gyaran jif ya kama miliyan 6, na adaidaita 900,000, shago da kayan ciki miliyan 2.1. Jimilla miliyan 9. Malamin yana iya zaton kowane ɗaya daga cikin ukun yana da tasa miliyan 3, ke nan ragowar kuɗin jif kaɗai zai rage masa. Ba haka lissafin yake ba. Iyakar ta hatsari guda ce, ba ta kowane mai ƙorafi ba. Miliyan 3 ɗin ita ce za a raba musu, in kuma aka bi gwargwadon asarar kowa, mai jif zai samu miliyan 2, mai shago 700,000, mai adaidaita 300,000. Ragowar miliyan 6 tana kan malam. Gyaran Golf ɗinsa kuwa ko sisi ba ya ciki, domin wannan inshorar ba ta san motar mai ita ba. Mai son a gyara masa tasa sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar.

Da an ce ɓarnar dukiya, tunanin mutane kan tafi ga motar wani. Abin ya fi haka faɗi. Katangar gida dukiya ce, haka rumfar mai shayi, falwayar lantarki, taransifoma, ƙarfen gada, da saniyar da aka buge a hanyar Haɗeja. Wasu daga cikin waɗannan sun fi mota tsada, masu su kuma hukumomi ne ko kamfanoni da ke da lauyoyi a ajiye. A ɗaya gefen, akwai dukiyar da yawancin takardun suka cire ƙarara: kayan mai motar, kayan iyalinsa da ke gida ɗaya da shi, kayan da aka ba shi amana, da kayan da motar ke ɗauke da su. Direban da ya kife da buhunan masarar wani a hanyar Dawanau ba zai samu komai daga wannan inshorar game da masarar ba; kayan da ke kan hanya suna da tasu inshorar daban. Magidancin da ya yi ribas ya fasa ƙofar garejinsa shi ma sai dai ya kira mai walda.

Ko a cikin iyakar ma, kamfani ba sabuwa yake saya wa kowa ba. Ƙa'idar ita ce a mayar da mutum inda yake kafin hatsarin. In mota ta lalace yadda kuɗin gyara ya fi ƙarfin darajarta, abin da za a biya shi ne farashinta a kasuwa ranar da abin ya faru, da tsufanta da komai.

Inda alƙaluman suka fi ban tsoro shi ne manyan motoci. Ranar 28 ga Yuni, 2018, wata tankar fetur ta kama da wuta a gadar Otedola da ke Legas, a lokacin cunkoson tashi daga aiki. Hukumomi sun ƙirga motoci 54 da suka ƙone, ban da rayukan da aka rasa. A ajiye batun irin inshorar da waccan tankar take da ita, a yi lissafi da mafi ƙarancin abin da doka ta nema. Miliyan 1 ta wancan lokacin in aka raba wa mota 54, kowacce za ta tashi da kimanin naira 18,500. Da miliyan 5 ta yanzu, kimanin 92,600. Tirela mai ɗauke da tan 30, wadda a karo ɗaya za ta iya niƙe layin motoci, an ba ta iyakar da ta ɗara ta ƙaramar Golf da miliyan 2 kacal. Da wuya a samu mai kare wannan tsarin da hujjar lissafi.

Amurka ma, duk da arzikinta, tana fama da irin wannan ciwon. A can kowace jiha ke yanka nata adadin, kuma ana rubuta shi da lambobi uku a jere, misali 30/60/25 na jihar Teksas. Ta farko dala dubu 30 ce ga raunin mutum ɗaya, ta biyu dubu 60 ga raunin duk waɗanda hatsarin ya shafa, ta ƙarshen ita ce ta dukiya, dubu 25. Jihar Kalifoniya, inda motoci masu tsada suka fi yawa, ta zauna a kan 15/30/5 tun 1967. Dala 5,000 a 1967 ta fi kuɗin sabuwar mota. A 2024, lokacin da matsakaicin farashin sabuwar mota a ƙasar ya kusa dala 48,000, da ƙyar take gyara gaban mota ɗaya, musamman yanzu da ake cusa kyamarori da na'urorin hango hatsari a cikin bamba da gilashi. Sai ranar 1 ga Janairu, 2025 adadin ya koma 30/60/15, bayan shekara 58, kuma dokar ta tanadi wani ƙarin a 2035. Abin da ya sa 'yan majalisa ke jan ƙafa ba ɓoyayye ba ne. Ɗaga iyaka yana ɗaga kuɗin inshora, kuɗi in ya yi tsada talaka ya daina saya, sai hanya ta cika da motoci marasa inshora kwata-kwata. Hujja ce ta gaske, ba a raina ta. Sai dai wanda aka fasa wa mota shi ke biyan kuɗin wannan rangwamen, kuma ba a shawarce shi ba.

Turai ta bi wata hanyar. Birtaniya, wadda ta tilasta inshorar mota tun 1930, yanzu tana neman aƙalla fam miliyan 1.2 na ɓarnar dukiya. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta sa yuro miliyan 1.3 ga kowane hatsari, da sharaɗin a riƙa sake duba adadin duk shekara 5 gwargwadon hauhawar farashi. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya fi girman adadin muhimmanci ga ƙasa irin Najeriya. Ba wanda zai ce direban Zariya ya sayi inshorar biliyoyin naira, amma adadin da aka ɗaure shi da farashin kaya ba zai yi shekara 20 yana barci ba.

To, yaya ake ƙarewa da ragowar miliyan 6 ɗin malam? Kowa ya san yadda ake yi a bakin titi. Jama'a sun taru, an janye motoci gefe, an kira wani dattijo ko shugaban tasha.

"Alhaji, a dubi Allah a yi haƙuri, tsautsayi ne. Bawan Allah ne, albashi yake jira."

"Na ji, Baba. To ya ɗauki rabin gyaran, na yafe sauran."

Wannan sulhun ya rufa wa dubban mutane asiri, kuma shi ya sa da yawa ba su taɓa tuna cewa takardar da ke cikin aljihun motarsu tana da wani amfani ban da nuna wa 'yan sanda da 'yan Karota ba. Amma yana da ramuka biyu. Na farko, yawancin takardun inshora sun hana mai mota amsa laifi ko ƙulla alkawarin biya ba tare da sanin kamfani ba, sun kuma ce a sanar da shi hatsarin da wuri. Wanda ya yi sulhu, ya biya, ya zo bayan wata uku yana neman a mayar masa, babu hoto, babu rahoton 'yan sanda, babu takardar ƙiyasin bakanike, ya ba kamfanin hujjar juya masa baya.

Rami na biyu ya fi zurfi. In jif ɗin Alhaji tana da cikakkiyar inshora, Alhaji ba ya buƙatar ya yi rigima da kowa. Kamfaninsa zai gyara masa, daga nan kuma haƙƙin bin diyyar ya koma hannun kamfanin. Shi zai karɓi abin da ya samu daga kamfanin malam, ya juyo kan malam da ragowar. Wasiƙar lauya ba ta jin "a dubi Allah". In magana ta kai kotu aka yanke hukunci, ana iya riƙe kuɗin da ke asusun banki ko a kama kadara a yi gwanjonta. Kuma ba direba kaɗai abin ke shafa ba: a dokar da kotunan Najeriya ke bi, maigida yana ɗaukar alhakin sakacin direban da ya ɗauka aiki, muddin a bakin aikin abin ya faru. Attajirin da ke da tireloli goma a hanya, kowacce da inshorar mafi ƙaranci, dukiyarsa ce ke tsaye a bayan kowace miliyan 5.

Akwai masu gudun inshora saboda shakkar halaccinta, kuma malamai sun daɗe suna tattauna batun. Daga wannan tattaunawar tsarin takaful ya fito, inda masu shiga ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon duk wanda abu ya samu. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya. Abin lura a nan shi ne takardar takaful ita ma tana da iyaka a rubuce, kuma abin da ya haura ta yana kan wanda ya yi ɓarnar, kamar yadda fiƙihu ma ya ɗora lamunin abin da aka lalata a kan wanda ya lalata shi.

Duk wannan lissafin ya ginu ne a kan cewa takardar ta gaske ce. Shekara da shekaru ana sayar da ta bogi a bakin ofisoshin lasisi, a haɗa wa mutum ita cikin takardun mota a kan farashi mai rahusa, da sunan kamfanin da ko babu shi ko bai san da zamanta ba. Irin wannan iyakarta sifiri ce. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace takarda ta gaske, kuma ana iya dubawa da lambar mota ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2025 da 'yan sanda suka fara tsaurara binciken inshora a faɗin ƙasar, masu dubawa sun ƙaru. Sai dai ɗan sanda a shinge abin da yake nema shi ne ko akwai ko babu. Ko adadin zai isa, wannan ba aikinsa ba ne.

Miliyan 3 mafi ƙaranci ce da hukuma ta yarda da ita, ba a hana kowa ya wuce ta ba. Kamfanoni da dama suna sayar da ƙarin iyaka, ko a kan inshorar ɓangare na uku ko a cikin cikakkiya, in mai mota ya nema. Yawanci ƙarin kuɗin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarin iyakar, saboda mafi yawan haɗurra ƙanana ne, fitila ce ko ƙofa ko bamba, kuma miliyoyin farko ne ke shanye su; hatsarin da ke kaiwa miliyan 10 ko 20 ba kullum yake faruwa ba, don haka kamfani yana iya sayar da wannan saman da sauƙi. Wanda kullum yake ratsa cunkoson Abuja tsakanin motocin da kowacce ta haura miliyan 50, da mai gida da shago da kotu za ta iya kamawa, da mai motocin haya da wasu ke tuƙa masa, su suka fi kowa buƙatar wannan ƙarin. Adadin kuma ba lallai a same shi a jikin 'yar takardar shaidar da ake nunawa a hanya ba. Yana cikin jadawalin da ke haɗe da cikakkiyar yarjejeniyar, a layin da ya yi maganar dukiyar ɓangare na uku, kuma mai mota yana da haƙƙin ya ce wa wakilin kamfani ya ba shi wannan jadawalin kafin ya biya.